Ranar Awon Lubabatu

Harisu dillalin albasa ne a kasuwar Illela, kuma tsantseninsa har ya so ya yi yawa. Buhu ba ya wuce shi sai ya zura hannu can ƙasa ya lalubo ruɓaɓɓiya. Tare muka tashi a Kalmalo, shi ya sa na san abin da gari bai sani ba: bayan matarsa Lubabatu, yana da Sufyanu, direban da ke kai kaya Konni, can Nijar. Shekara tara suna tare. A idon mutane abokai ne, kuma garin nan in irin wannan magana ta fita, ba mai tsayawa jin ba'asi.

Harisu ya kasa maza gida biyu. Akwai na hanya, a haɗu sau ɗaya a rabu. Da irin waɗannan ba ya wasa da kwaroron roba, kuma a Konni yake saye da sefa, don sahu ɗaya yake sallah da mai kemis na unguwarsu. Sai kuma Sufyanu, wanda da shi ba a sa komai.

Na taɓa ce masa, "Kai da ba ka yarda da buhu, ka yarda da direba?"

Ya ce, "In nic ciro roba gaban Suhyanu, mi nic ce mai ke nan?"

Haushi ya kama ni. Shi da kansa yana da na hanya, me zai hana Sufyanu?

Da damina Sufyanu ya fara tari yana ramewa. Aka ce taifot, aka ce shawara. Rannan a tasha ya ja Harisu gefe ya gaya masa an gwada shi a Konni, cutar ƙanjamau ce, har an ɗora shi kan magani. Ya roƙe shi ya je shi ma a gwada shi.

Harisu bai je ba. Yau ya ce kasuwa, gobe ya ce mai gwajin ɗan'uwan Lubabatu ne. Na yi faɗa har na gaji. Na ce Lubabatu na da cikin wata biyar, in an gane da wuri magani na kare jariri. Sai ya ce, "In nit tahi da ita, ina zan ce nis samo cutar?" Sati bakwai muna haka, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ranar Talata Lubabatu ta je awo. Da la'asar ta dawo ta same mu a ƙofar gida muna tsince albasa. Ta gaishe ni, sannan ta miƙa masa takarda a ninke.

"Baban Latifa, sun ɗibi jinina. Malamar ta ce gobe in taho da kai."

Bai karɓa ba, albasa na hannunsa. Ya ce, "Mi ya hwaru?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye takardar a kan buhu, ta ce a hankali, "Suhyanu ya ji sauƙi?"