Tsohuwar Bakin Kwata da Kifin Umaru

Garin da aka haife ni ba ya nan yanzu. Yana ƙarƙashin tafki, can gefen Ngaski, kifi na yawo inda ɗakin kakata yake. Amma in na rufe ido ina ganin bandarta, ina jin ƙamshin tarwaɗa a kan waya. Da an sallame magariba mu jikoki mun kewaye wutar, Kaka Ige tana juya kifi da hannu tsirara, ko tsinke ba ta sawa.

Takan ce, "Ku matso, ga wata ta taso daga ruwa."

Mu ce, "Ta iso mu gan ta!"

"Ke mai baki awa na kifin ragon ruwa, rufe shi kar hayaƙi ya shiga." Da ni take. Tun ina ƙarama bakina ba ya zama.

A tatsuniyoyinta akwai wadda muka fi roƙo. Wai garuruwa biyu ne, kogi ya raba su, ba gada, kuma murya ba ta ƙetarewa. Mutanen gabas ke hangen kifi daga kan tudu, mutanen yamma ke riƙe da igiyar taru, babbar komar nan da sai gari ya taru ake janta. In kifi ya shigo, sai na gabas su saki ƙananan jirage, kowane da ɗan saƙo a ciki. Maganarsu ɗaya ce: "Ku ja!"

A bakin kwatar yamma kuwa akwai wata tsohuwa da gora. Da ɗan saƙo ya faɗi tasa sau ɗaya, sai ta sa gorar ta tunkuɗe jirginsa ya koma. Aikinta ke nan. Kullum ana ba ta kifi guda. Sai wani ɗan garin, wanda ita ta goye shi, ya ga kifin nan guda ya yi mata yawa. Ya dama fura ya zuba mata abin barci, ya kai mata da fara'a. Ta sha, don hannun da ya miƙo ba baƙo ba ne.

Kaka takan tsaya nan ta gyara itace, mu kuwa kamar mu mutu.

Jirage suka zo, babu mai kora. Suka cika kwata, kowa na ihu, "Ku ja! Ku ja!" Mutane suka ja taru ya fito tudu, ihu bai tsaya ba. Suka ja ya shiga gari, ya kwashe rumbuna da danga. Suka yi ta ja har suka zube ƙasa, numfashi ya ƙare, yatsunsu na ta motsi a kan igiya.

"Nan na sauke ta," in ji Kaka. "Mai wuyan ɗauka ya ɗauka."

Mu a lokacin dariyar rumbuna muke yi. In an tambaye mu darasi mu ce kar a raina tsofaffi, a ba mu kan kifi mu watse.

Ruwa ya zo ya tashe mu, na yi aure, na gaji bandar Kaka. Ba yabon kai ba, daga Warra har Shanga duk mai sayen kifi ya san nawa. Kuma ina da al'ada wadda kowa a gidana ya sani: kwando ba ya fita sai na ɓare kifi ɗaya daga cikinsa na ci. Abin da ban sa a bakina ba, ba na sa shi a bakin ɗan wani.

Da ƙafafuna suka yi nauyi, ɗana Umaru ya karɓi ɗaurin kwanduna da kai su mota. Bara da damina ƙwari suka dame mu, kifi na zama gari kafin ya isa kudu. Ya zo ya ce, "Inna, kowa fiya-fiya yake yayyafawa yanzu."

Na ce, "Maganin sauro a abincin mutane? Ba a bandata ba. A ƙara hayaƙi, a ƙara shanya."

Ya ce to. Har da durƙusawa.

Wata safiya na shiga rumfa na bi kwanduna shida, na ci daga kowane. Na ji ɗan wari, na ce ko kalanzir ne a hannun masu ɗauri. Kafin azahar miyau ya fara zubo mini kamar jinjira. Gumi, amai, ciki na murɗawa. Naman cinyata da na fuskata suka kama rawa su kaɗai, ina kallo, ban aike su ba. Ƙirjina ya cika da ruwa. Ni da ban taɓa kwana a asibiti ba ko don haihuwa, sai ga ni a bayan mota an nufi Yelwa da ni.

Kwana huɗu ban san inda nake ba. Da na dawo hayyacina, likitar da ke duba ni, yarinya ce da ba ta wuce jikata ba, na riƙe mata riga na ce, "Ɗiyata, gaya mini. Mi ya sa jikina ya ƙi jin maganata?"

Ta ja kujera ta zauna, Allah ya yi mata albarka. Ta ce saƙo daga ƙwaƙwalwa yana bin jijiyoyi ne, ba na jini ba, waɗansu sirara da ke kai umarni ga gaɓoɓi. A cikin jijiya ɗaya saƙon gudu yake kamar wutar lantarki. Amma jijiya da jijiya, ko jijiya da tsoka, ba su taɓa juna. Akwai ɗan rata a tsakani, wanda ido ba ya gani. In saƙo ya iso bakin ratar, sai jijiyar ta saki wani sinadari ya ƙetara, ya sauka a gurbin da aka yi dominsa a ɗaya gefen, sai wancan gefen ya amsa. Wani sinadarin cewa yake a motsa, wani cewa yake a lafa.

"Kuma da ya isar da saƙo," in ji ta, "akwai wani da ke farfasa shi nan take, don wurin ya zama fili. Gubar da kika ci, shi wannan mai sharewar ta kama. Saƙo ya taru, tsoka na ta amsawa ba hutu. Allurar da muka yi ta yi miki tare guraben take, don saƙon ya rasa wurin sauka."

Na ce, "An ba tsohuwar kwata fura ke nan."

Ta ce, "Wace tsohuwa, Kaka?"

Na ba ta tatsuniyar daga kan gado, da robar ruwa a hannuna. Ta yi dariya har da tafi, ta ce shekara nawa ta yi tana haddar wannan. Na ce ai mu da kan kifi aka biya mu muka koya.

Dariyar ba ta kai yamma ba. Hajara matar Umaru ta kawo mini kunu, ta zauna tana kuka, ta ce, "Wallahi Inna da na san za ki shiga rumfa da na hana ki. Tun daren da ya yayyafa maganin ya ce kar in ɗiba wa yara daga kwandunan nan."

Na ajiye kofin. Na ce, "Sake faɗi."

Ta sake.

Ashe ya tuna da 'ya'yansa. Ya tuna ya gargaɗi matarsa. Ni da ya san ba kwandon da ke fita ban ci ba, ya yi shiru, don in ya faɗa mini zan sa a zubar da kifin. Da ya zo ya ce wai ya yi niyyar loda su da asuba kafin in fito, mota ce ta makara. Na ce, "Da motar ta zo da wuri fa, uwar wa za ta ci?"

Da na dawo gida na tarar ruɗanin ciwona ya hana a loda kwandunan shida, na sa an haƙa rami an binne su a gabana. Na karɓe makullin rumfa.

Yanzu da nake zaune ina tunani, na gane abin da Kaka ke nufi bai tsaya ga girmama tsoho ba. Duk abin da ke tsakanin mutum biyu sai ya ƙetara rata, ko uwa da ɗa ne, kuma wanda ke ɗaya gefen ba ya bincike, karɓa kawai yake. Jikina haka ya yi, ya amsa saƙo har ya kusa kashe ni. Ni ma haka na yi da "to" ɗin Umaru.

Yana zuwa gaisuwa kowace safiya, ina amsawa, don ni na haife shi. Ranar Juma'ar da ta wuce ya shigo da roba cike da ruwa, ƙaton kifi giwan ruwa a ciki yana bugun jela. Ya ajiye a gabana ya ce, "Inna, ga shi da ransa, ki gani da idonki. Ki yanka da hannunki."

Na dube shi, furfura ta fara fito masa a gemu. Ɗana na cikina, sai ya kawo mini kifi da rai kafin in yarda in ci.

Na yanka, na dafa, na ci. Amma makullin yana nan ɗaure a bakin zanena.