Malam Gide, Tafintan da Ya Ce a Ajiye a Ƙasa

Ina tsaye a kasuwar Faskari shekarar Udoji, ranar da Nata'ala, wani manomi na Ruwan Godiya, ya miƙa hannu zai ƙulla ciniki da manajan wani kamfanin auduga. Kamfani zai nome masa gona da tarakta, shi kuma da kaka ya kawo auduga bel goma. In ya kasa, gonar ta zama tasu. Manaja ba ya jin Hausa, Nata'ala ba ya jin Turanci. Malam Gide ne tsakaninsu, kuma kamfanin ke biyansa.

Wanda ya san Malam Gide ya san kullum da hantsi yana ƙarƙashin tsamiyar bakin sikeli, da igiya a aljihu. Ba ya fassara sunan tarin kaya sai an ajiye kayan a ƙasa kowa ya gani. Ranar ma haka ya yi.

"Baba, janye hannunka tukuna. Mi ka ji an ce?"

"Ƙunshi goma mana. Ai matata Indo ita kaɗai ta iya tsinto shi."

Malam Gide ya ɗaure auduga da igiyarsa, ya ajiye. "Wanga ƙunshi, Bature bandir yake ce mishi, abin da kai ke ɗauka. Wancan tsibin da aka zube, sunanshi daban. Bel kuwa, inji ke matse shi a Funtuwa. Ƙarti huɗu sai da nishi."

Manaja ya lura, ya yi magana a hankali. Daga baya na ji abin da ya ce: ka ƙara kalma guda, ka bar aikinka. Mu 'yan kasuwa da muka san bel, kowa ya dubi takalminsa.

Malam Gide ya sa aka gangaro da bel guda daga bayan motar kamfani. "Baba, ɗaga."

Nata'ala ya rungume shi, ya yi nishi. Ko motsi. Ya miƙe, ya sa hannunsa a aljihu.

Malam, kai ne mai igiya, harshen da ba a saya. Tun ranar kake bin kasuwannin Ƙanƙara da Sabuwa a keke, sa'o'inka na hawa babur. Bana kunne ya yi nauyi, ka ce ka ajiye aikin tafinta. Mun gode, Allah ya saka. Ku samarin da ke tafinta yanzu, ku nemi igiya.

Kamfani ya rasa gona guda, ya samu wasu a gaba. Malam Gide ya rasa albashi. Nata'ala kuwa, jiya na wuce ta gonarsa, 'ya'yansa na yankan dawa.