Kalmar da Zakhur Ya Bi Shekara Ashirin

Matso nan ka zauna, in ba ka labarin Zakhur, mai gyaran takalmi a ƙauyenmu, can arewacin Lebanon. Bango ɗaya ne tsakanin gidanmu da shagonsa.

Ɗansa ɗaya tak, Mitri, zazzaɓi ya ɗauke shi yana da shekara sha tara. A bakin kabari Abuna, limamin cocinmu, ya dafa Zakhur ya ce, "Haƙuri, kwanakinsa ne suka cika." Amma ranar arba'in, ana gama rabon dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci, sai Zakhur ya hau dutse wurin masu zuhudu, ya roƙi wani tsoho ya koya masa baƙaƙen Girkanci. So yake ya gani da idonsa me Linjila ke nufi da cika, a harshen da aka fara rubuta ta.

Pleroo, ita ce kalmar. Shekara ashirin yana bin ta layi-layi da tsinin basilla. Duk inda ya kama ta, ya kwafe a littafin 'yan makaranta, har da abin da aka ce ya cika: taru da kifi, gida da ƙamshin turare, lokaci, maganar annabawa.

Matarsa Wadi'a takan leƙo ta ce, "Malam na Girka, ga takalman mutane nan baki buɗe. Girkancin za mu ci?"

Shi kuwa ya ce, "Ke dai bari. Ko'ina na duba, sai abu ya kai bakinsa ake cewa ya cika. To, sha tara bakin me ya kai?"

Wannan tambayar yake tanadar wa Sayyidna, babban limamin yankinmu. Shekarar da ya zo mana idi, Zakhur ya sa kwat ɗin aurensa. Bayan sujada ana shan gahawa a zauren coci, ya sumbaci hannun Sayyidna, ya miƙa littafin da hannu biyu. Magatakardan Sayyidna ne ya karɓa, ya ɗan buɗa, ya zaro waya, ya ce:

"Sannu da ƙoƙari, Kawu. Ai ga wuraren da kalmar ta fito nan duka, dannawa ɗaya. Ka ma tsallake uku."

Wani daga baya ya ce, "Zakhur, ashe waya ta fi ka ido!" Aka kwashe da dariya.

Zakhur ya buɗe baki ke nan, Sayyidna ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai ne mai takalmin? Dugadugin nawa ya cinye."

Washegari aka aiko da takalmin. Ya gyara shi tsaf, ina jin bugun gudumarsa ta bango. Daga ranar bai sake tayar wa kowa da maganar ba, har muka kai shi kusa da Mitri.

Ni ma ina wurin ranar, na kuma yi dariyar. Da kai ne a zauren nan, za ka ce a yi shiru a bar tsohon ya yi tambayarsa?