Fiyanon da Ya Daina Kiɗa

Shekara ashirin da shida Yatsa Goma ya yi yana kaɗa fiyano a ɗakunan taro, kuma masu rawa ne suka raɗa masa sunan. Ya ci zamaninsa, ya sa takalma masu tsini, ya yi ƙiba ya rame. Sai wata shekara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zubar masa a riga, daga baya ko sa hannu a takarda ya zama aiki. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce abin ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Masu gayyatarsa kiɗa kuwa ba su iya lallaɓawa ba, wayarsa ta yi shiru.

Ƙanin matarsa ne ya ɗauke shi aiki. Yana da ɗan situdiyon ɗaukar murya a saman wani shagon tayoyi: ɗaki biyu da gilashi a tsakani, bango duk an manna masa soso, ga fanka amma ba a kunna ta don kada ƙararta ta shiga murya. Kowa Manaja yake ce masa, har yayarsa idan ta so tsokana. Yawancin aikin tallan sabulu ne da sanarwar makarantu. Yatsa Goma zai zauna gaban kwamfuta ya danna a fara ɗaukar murya, ya danna a tsaya, ya yanke inda aka yi tari. Ba aikin a zo a gani ba ne, amma ya fi masa zaman gida, inda yake wuni a ƙofar ɗaki matarsa na cewa ya ɗaga ƙafa za ta yi shara. Zaman nan yake tsoro fiye da ciwon kansa.

Abin da ya hana shi sakat shi ne linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Da ya ɗora hannu, sai kibiyar da ke allo ta kama tsalle. Ya nufi nan, ta faɗa can. Wata rana ya goge rabin tallan wani mai katifa, ya kuma adana shi a haka bai sani ba. Manaja ya ba mutumin haƙuri, ya raka shi har ƙasa, sannan ya dawo ya rufe ƙofa.

"Yaya, wallahi kunyarka nake ji," ya ce yana sosa ƙeya. "Amma in aka sake irin wannan, sai dai ka huta a gida."

"Na ji," in ji Yatsa Goma.

Mai gyaran rediyo na bakin layin ne ya ba shi dabara. Ya ce ai fiyano irin nasa ana haɗa shi da kwamfuta da waya guda, kuma manhajar ɗaukar murya tana iya koyon kowane maɓallin fiyanon a matsayin umarni. Washegari Yatsa Goma ya jawo tsohon fiyanonsa daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙura, ya hau bene da shi yana haki.

Kwana uku suka yi a kan abin. Mai gyara zai zaɓi umarni a manhajar, ta tsaya tana jira, Yatsa Goma ya danna maɓalli, sai ta ɗaura su tare. Wannan fara ɗauka, wannan tsaya, wannan koma baya, wannan yanke. Mai gyara ya so a jera su can gefen hagu, inda ba a cika taɓawa ba. Yatsa Goma ya ce a'a, a tsakiya hannunsa ya san gida, nan ne rawar take raguwa. Aka bi tasa. Ya yayyanka farar takarda ya rubuta sunayen, ya manna da salatif. Duk maɓallin da aka ba aiki sai ya daina fitar da sauti, don haka daga ƙarshe suka kashe sautin fiyanon baki ɗaya. Abin ya sosa masa rai.

Dabarar ta yi. Wata huɗu babu kuskure ko ɗaya. Manaja har yana nuna wa baƙi, yana cewa ku zo ku ga yayana da ke tuƙa kwamfuta da fiyano.

Ana haka Zabiya ta zo. Ita ce mawaƙiyar da ya yi wa kiɗa shekara goma sha ɗaya, yanzu ta tsufa, ƙirji ya matsa mata, sai da ta huta sau biyu kafin ta gama hawa benen. Waƙa ɗaya take so a ɗauka, muryarta kawai ba kiɗa, don jikokinta su san yadda take a da.

"Yatsa Goma, kai ne ka koma haka kamar tsohuwar lema?"

"Ke fa? Tun daga ƙasa nake jin numfashinki."

Ta yi dariya har da tari. "Ka shirya da kyau. Sau ɗaya ƙirjin nan zai yarda, ba ni da na biyu."

Manaja ya sauka sayo mata ruwa. Ta shiga bayan gilashi ta gyara tsayuwa gaban makirufo. Yatsa Goma ya sa abin sauraro a kunne, ya danna fara ɗauka, jar alamar ɗauka ta kama a allo. Da ta ɗaga murya sai tsigar jikinsa ta tashi, don tsohuwar muryar ce ta dawo cif, kamar ba a yi shekarun ba. Ya lumshe ido. Hannunsa, da ya yi wa waƙar nan kiɗa sau ɗaruruwa, ya sauka kan fiyano da kansa yana bin ta, babu sauti, babu rawa ko kaɗan. Ya daɗe bai ji daɗi irin wannan ba.

Da ta kai ƙarshe ya buɗe ido. Jar alamar ta mutu. A allo, daƙiƙa goma sha tara kawai aka ɗauka. Tun a baitin farko yatsansa ya taka maɓallin tsaya.

Ta fito tana share gumi, ta kalli fuskarsa, ta kalli allon. Ba sai an yi mata bayani ba.

"Ai na ga hannunka ta gilashi," ta ce a hankali. "Na ce ashe har yanzu yana nan."

Sai ga Manaja da ruwa a hannu. "An samu?"

Yatsa Goma ya buɗe baki, ta riga shi. "Ni na ce a goge, ɗana. Bai yi mini ba. Za mu sake."

Suka sake. Muryar ta dushe, ta karye a wuri uku, baitin ƙarshe kusan faɗarsa ta yi ba rerawa ba. Wannan na biyun ta karɓa a faifai ta sa a jaka don jikokinta, ta yi godiya, ta sauka benen tana dafa bango.

Yatsa Goma yana nan a situdiyon har yau, kuma bai ƙara ɓata aikin kowa ba. In talla ce, yana saurara ya yanke tari kamar kullum. In kuwa mawaƙi ne ya shiga bayan gilashi, sai ya danna fara ɗauka, ya cire abin sauraron ya ajiye a tebur, ya zauna a kan hannunsa na dama. Yana kallon koren layin murya na hawa da sauka a allo, yana kallon bakin mutum na motsi, har a gama waƙar bai ji ta ba.