Gyambon da Gwaggo ta ɗauki laifinsa

Jiya a asibiti na ji wata nas tana ce wa masu jinya, "Ku riƙa juya shi, kada bayansa ya yi gyambo." Sai na tuna da Gwaggo, yayar mahaifina da ta riƙe ni a Maruta.

Shekarar da aka fara amfani da naira ɓarin jikinta ya shanye, jinyarta ta dawo hannuna. In na leƙa na ce, "Gwaggo, in juya ki?" sai ta ce, "Je ki aikinki, 'yar nan, kwanciya ai ba noma ba ce." Ni kuwa daɗi nake ji, don tana da nauyi, ɗakin kuma ya fara wari.

Ran da malamin asibiti ya zo daga Birnin Kudu, ya tarar zanenta ya manne da fata. Ga gyambo a ƙugunta kamar tafin hannu, yana ruwa. Ya wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ya ce kwanciya wuri ɗaya ce ta hana jini zagayawa har naman ya mutu.

"Wa ke jinyarta?" ya tambaya.

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Malam, ni na hana a taɓa ni."

Na sunkuyar da kai. Daga ranar ban sake fashin juya ta ba, amma gyambon bai gama rufewa ba ta rasu.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya yafe mini abin da na kasa roƙonta gafara a kai.