Dangwalin da Baffa Ya Ƙi Tsigewa

A rugarmu ta gefen Dangora, da an idar da sallar magariba muke kewaye kakarmu Inna Dije a bakin wutar da ake hura wa shanu saboda sauro. Daminar da nake shekara tara, hankalina ba ya kan tatsuniya. Yana kan Goje, maraƙar da aka ba ni, wadda 'ya'yanta za su bi ni gidan miji wata rana.

Goje ta rame, cikinta ya kumbura, zawo ya ɓata mata bindi. Malamin dabbobi daga Tudun Wada ya ce tsutsar ciki ce. Ya ba da magani, ya kuma ce a ɗauke dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, daga cikin caɓin kashi, don a nan suke sake kwasar tsutsar. Baffa, mahaifina, ya ce inda ubansa ya kafa turke ba mai tsige shi.

Baffa ɗan farin Inna ne, kunya ta hana ta yi masa magana kai tsaye. Sai ta jira ya zauna kusa, ta ɗaga murya.

"Ga ta nan, ta mai taurin kai! Tsutsa ta je wa wani makiyayi baƙunta. Ta ce, 'Ba na son ɗaki, ƙarƙashin turkenka ya ishe ni, amma kada ka tsige shi.' Ya yarda. Kowace damina sai ta shige cikin maraƙi guda ta shanye shi, gogan naka yana ta zargin mayu. Ƙarshe ya wayi gari daga shi sai igiya."

Ƙanena ya ce, "Inna, wawa ne?"

"Oho! Ni dai na san uwarsa ta gaji."

Baffa ya kaɗe rigarsa ya tashi. Kwana shida bayan nan Goje ta mutu a kan dangwalin, ya ce kwananta ne ya ƙare.

Da na girma na gane ba mu Inna take yi wa tatsuniyar ba. Har yau raina yana ɓaci: da Baffa, wanda ya fifita turke a kan rai, har ma da kunyar da ta ɗaure bakin Inna. Da ta daka masa tsawa sau ɗaya, da an tsige. Ranar da aka kai ni ɗaki, sa'o'ina kowacce da shanunta, ni kuwa ƙwaryar tatsa aka ɗora mini, babu saniyar da zan tatsa.