Motar da Ke Tsayawa Gaisuwa

Kakana Sahabi na cikin mutanen farko da suka mallaki mota a Gusau, kuma in dai tsofaffi ba su ƙara gishiri ba, motarsa ce kaɗai aka taɓa ganin jaki ya riga ta isa Bungudu. Ni ban tarar da shi da ƙarfinsa ba. Labarin nan daga bakin kakata Saude na ji shi, matarsa, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambaton sunansa ba. Mai Duna take ce masa, Duna kuwa ita ce motar.

Asalinsa ɗan Bungudu ne. Yana ɗan shekara goma, daidai lokacin da Turawa suka shigo ƙasar, mahaifinsa ya rasu, sai aminin mahaifin, Malam Halliru, ya ɗauke shi ya riƙe. Malam Halliru madugu ne, mai jagorar fatake da jakuna, su kai taba da fata kudu su dawo da goro. A hannunsa Sahabi ya koyi ɗaurin mangala da sanin rijiyoyin hanya. Da ya isa aure kuma, tsohon bai bari ya je nema wani gida ba, ya ba shi 'yarsa Saude. Ka ga ke nan mutum ɗaya ya zame masa uba, ya zame masa malamin sana'a, ya kuma zame masa suruki. Duk duniya ba wanda Sahabi yake gudun ɓacin ransa kamar wannan tsoho.

Bayan aure ya koma Gusau da zama, yana dakon auduga da gyaɗa a jakunansa zuwa rumfunan awo. A nan ya fara ganin mota. Wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayen gyaɗa, ne ya kawo ta, Fod ce baƙa, mai buɗaɗɗen baya na katako, direbanta kuma mutumin Ilori ne mai son hira. Shi ya ba Sahabi tarihinta, shi kuma Sahabi ya riƙe kamar karatu, ya yi ta maimaita wa duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna kusa da shi. A Amurka ake ƙera ta, in ji shi. Kamfanin an kafa shi ne a shekarar da aka ci Sakkwato, bayan shekara biyar ya fito da wannan samfuri. Da can mota ta masu hannu da shuni ce, sai masu kamfanin suka ce za su yi wadda manomi zai iya saye ya kuma gyara da kansa. Ma'aikata sukan tsaya a jere, gangar motar tana tafiya a gabansu, wannan ya ɗaura taya, wancan ya ɗaure ƙusa, kowa da abu ɗaya da yake yi tun safe har yamma. Wannan ne ya fi ba kakana mamaki. Yakan ce shi bai ga yadda mutum zai ƙera abu bai san ƙarshensa ba.

Direban ya koya masa tuƙi a filin bayan rumfa. A 1925 Kwaran ya sayi babbar mota, Sahabi ya sayar da jakunansa kaf ya karɓi tsohuwar. Cikin jakunan akwai wani baƙi ƙirin mai suna Duna da ya fi so, sai ya mayar wa motar da sunan don ya rage zafin rabuwa.

Duna tana da halayenta. Ba ta tashi sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta hancinta an murɗa da ƙarfin damtse, wani lokaci sau biyu, wani lokaci sau ashirin. In fetur ya yi ƙasa a tanki ba ta hawa tudu ta gaba, sai an juya ta hau da baya, don haka mutanen Kwatarkwashi suka ce tana da ladabi, ba ta juya wa dutsensu ƙeya. Amma ba ta tsoron yashi, ba ta tsoron taɓo, kuma in wani abu ya karye maƙerin Tsafe yakan buga irinsa. Hanyarsa ɗaya ce: Tsafe, Gusau, Bungudu, ya juyo.

Ranar da ya fara kai ta Bungudu, gari ya fito kallo, ban da Malam Halliru. A lokacin idanunsa sun fara mutuwa, ya bar fatauci. Aka riƙo hannunsa ya shafa motar tun daga gaba har baya, ya shinshina hannun. Daga bisani ya ce shi abu ɗaya ne ya ƙi game da ita. Mai jaki in ya ga babba yakan diro ya gaishe shi, mai doki ma haka, amma ya ji an ce wannan aba wucewa kawai take yi, mai ita yana sama yana ɗaga hannu kamar hakimi. Sahabi ya durƙusa ya yi alkawari cewa shi ba zai taɓa wuce shi a kan mota ba.

To, a nan ne aka samu matsala, domin kakana mutum ne da in ya kama abu ba ya saki. Akwai wata tsamiya a bakin hanya, daidai inda ake fita Bungudu a nufi Gusau. Ba a yi mako ba sai ga Malam Halliru ya sa an mayar da buzunsa gindinta, wai inuwar zaurensa ta yi masa zafi. Kullum Sahabi ya iso nan, shiga ko fita, sai ya tsaya. Ba tsayawa kawai ba, sai ya kashe injin, don a ganinsa rashin kunya ne ka gai da babba wani abu yana ruri a bayanka. Ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi gaisuwa har a tambayi lafiyar kaji. Sannan ya koma ya kama murɗa ƙarfe, gumi na zuba. Da sauran dattawan hanya suka ga haka, su ma suka ɗan matso da tabarminsu bakin titi, shi kuwa ba ya iya gai da wani ya bar wani. Tsakanin Gusau da Bungudu kaɗai sai ya kashe mota sau bakwai.

Fasinja sun yi ƙorafi har sun gaji. Masu sauri suka koma wa wasu motocin da suka fara shigowa, aka bar shi da tsofaffin mata masu kai daddawa kasuwa, waɗanda su ma gaisuwar suke so. Kakata ta ce ta taɓa yi masa magana sau ɗaya, ya amsa mata da cewa sannu ba ta hana zuwa. Ta ce masa a ƙarasa karin maganar mana, ya yi kamar bai ji ba. Ni dai da nake jin labarin ina yaro haushinsa nake ji. Sai da na girma na gane cewa haushin nawa rabinsa sha'awa ce.

A 1927 labari ya zo cewa kamfanin ya daina ƙera irin Duna, bayan ya yi fiye da miliyan goma sha biyar, ya koma wani sabon samfuri. Sahabi ya ji abin kamar an yi masa rasuwa. Duna kuwa da ma ta sha wuya kafin ta zo hannunsa, tsufa ya kama ta. Da safe sai an tura ta take tashi, in kuwa ta yi zafi aka kashe ta, sai ta ga dama.

Wata ranar kasuwar Bungudu, cikin kaka, aka kawo wani manomi daga Karakkai a kan gadon kara. Garba sunansa. Yana ɗora jinka a kan rumbu ya zamo ya faɗo, ƙashin cinyarsa ya karye ya huda fata, jini ya ƙi tsayawa. Maɗorin da zai iya irin wannan karaya yana Damba, bakin Gusau, kuma mota ɗaya ce a garin ranar. Aka shimfiɗa shi a bayan Duna, 'yan'uwansa biyu suka riƙe shi. Motar ta ƙi tashi. Aka yi ta turawa daga bakin kasuwa har kusa da marina kafin ta kama, a lokacin kuwa Garba ya daina nishi da ƙarfi, sai ido.

Sahabi ya san abin da ke gabansa tun kafin ya hango tsamiyar. In ya tsaya ya kashe Duna, ba mai turawa a nan, kuma ba tabbas ta sake tashi. Tsayawa da inji a kunne kuwa bai ma zo masa a rai ba, a wurinsa wannan da wucewa duk ɗaya ne. Ya hango tsohon ya ji ƙarar motar, ya gyara zama, ya jawo rawaninsa daidai yadda ya saba. Sahabi ya sunkuyar da kai ya ƙara wuta ya wuce.

Garba ya rayu. Ya tashi da ɗan ɗingishi, amma ya yi noma shekara talatin bayan haka. Wanda bai warke ba shi ne kakana. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo, ya gaya wa Saude cewa ya karya alkawarin da ya yi wa Baba a gaban mutane, ba shi da idon da zai kalle shi. Washegari ya ɗauki hanyar Tsafe. Jibi ma Tsafe. Ya bar zuwa Bungudu ɗungum, yana cewa sai ya samo kalmar da zai fara da ita. Wannan shi ne kuskurensa, kuma kunya ce ta sa shi, ba girman kai ba. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

A rana ta goma sha ɗaya wata mai daddawa ta biyo ta gaya wa Saude cewa mahaifinta yana nan gindin tsamiya tun hantsi har la'asar, kuma furar da ake kai masa ana dawo da ita. Kakata ba mai yawan magana ba ce. Da gari ya waye ta ɗauko takalman mijinta ta ajiye a bakin ƙofa, hancinsu yana kallon yamma wajen Bungudu, ta ce masa zumunci a ƙafa yake. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda ta zo. Ya bar Duna a gida, don gani yake zuwa da ita ƙarin laifi ne, ya taka da ƙafa tun daga Gusau.

Ya isa bayan azahar. Tsohon yana zaune, ya karkata kunne wajen hanya. Ya ji takun mutum ya tsaya, ya ji an tuɓe takalmi.

"Wa ke nan?"

"Ni na, Baba."

Malam Halliru ya sake karkata kunne wajen hanya. "Ina Duna?"

Sahabi ya ce ya baro ta gida, ya fara jero ban haƙurin da ya kwana goma sha ɗaya yana shiryawa. Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ni madugu na, yaro. Shekara talatin ina gaban ayari, ban taɓa tsai da shi da majinyaci don in gai da kowa ba, ko sarki na. Ranar da kaw wuce, daga kukan motar nis san rai kaɗ ɗauko. Addu'a nib bi ka da ita."

Sahabi ya kasa ɗaga kai.

"Wucewarka ba ta yi man komi ba. Amma kwana goma sha ɗaya ina nan, kowace mota tat taho in kasa kunne, ba ita ba. Nic ce ko gulbi ya ci ka. Sai anka ce man lahiya lau kake, Tsahe kaka zuwa." Ya shafa buzun da yake kai. "Kai kana zaton inuwa tak kawo ni nan? Zaurena ya hi nan sanyi."

Kakata ta ce abin da ya faru bayan wannan ba ta sani ba, don mijinta a nan yake tsayawa in yana ba da labarin. Ta dai san ya kwana Bungudu, ya dawo ya ɗauki Duna ya koma a ranar. Tsohon ya ba shi izini in yana da kaya ya riƙa wucewa, ya matsa ƙaho sau biyu ya wadatar. Wannan ne umarninsa guda da Sahabi bai taɓa bi ba.

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau Malam Halliru ya rasu. Bayan an share makoki Sahabi ya koma aiki, ya ɗauko mata masu daddawa ya nufi Bungudu. Da ya iso tsamiya ya kashe inji, ya sauko, ya tuɓe takalmi, har gwiwarsa ta taɓa ƙasa kafin ya tuna. Ba buzu a wurin, sai shacin inda yake. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi ya murɗa ƙarfen Duna ta ƙi kamawa, sai matan suka sauko, suka gyara ɗaurin zane, suka tura masa.